Sa'a Mai Ƙuli da Yaron Nan

Sa'adiyya abokiyar wasana ce, 'yar kawuna, don haka duk abin da na faɗa a kanta a nan ina da hurumin faɗarsa. In ta ji haushi ta zo ta same ni, ta san gidan.

A ƙauyenmu da ke gefen Minjibir, in ka ce Sa'adiyya kawai sai a tambaye ka wacce. In ka ce Sa'a mai ƙuli kuwa, hancinka ma ya isa ya kai ka, domin tun daga bakin masallaci ake jin ƙamshin suyar gyaɗarta. Ita ke soyawa, ta murje, ta kai inji, ta dawo ta yi ta juya ƙullin da muciya har mai ya tsatso, sannan ta murza tunkuzar ta jefa a kasko. Hannuwanta kullum sheƙi suke. Mijinta Malam Abdulƙadir manomi ne, gero da dawa da ɗan wake, mutum marar hayaniya wanda ba zai sake fitowa a labarin nan ba.

Abu na biyu da aka san ta da shi kunya ce. Ba irin tawa ba, ta sunkuyar da kai a gaban surukai a wuce wurin. Tata mai nauyi ce, kuma duk a kan mutum ɗaya ta tattara ta, ɗanta na fari, Zaharaddini. Kowa ya san al'adarmu, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a idon mutane. Amma matan yanzu sun sassauta, su laƙaba wa yaro Abba ko Khalifa su huta. Sa'a ko laƙabin ba ta yarda da shi ba. Da aka yaye shi, kakarsa ta wajen uba, Inna Fadima, ta ɗauke shi zuwa sashenta, dangar kara ce kawai tsakaninsu. Ya tashi yana jin ana cewa Yaya Sa'a, shi ma ya bi sahu, har ya yi gemu yana ce wa uwarsa Yaya. Ita kuma in dole ta kama ta ambace shi sai ta ce yaron nan. Da ya girma ya fara tuƙin adaidaita aka yi masa ƙarin girma, ya koma mai keken nan.

Tsofaffin garin da ita suke misali. Ni kuwa abin haushi yake ba ni, kuma ba na ɓoyewa.

Daminar bara wata motar yashi ta goge keken Zaharaddini a hanyar Kano, ƙafarsa ta karye. Aka kawo shi sashen Inna Fadima aka kira mai ɗori. Gari ya cika gidan, har waɗanda ba su taɓa hawa kekensa ba. Sa'a ta zo, ta tsaya a bakin ƙofa fuskarta a rufe da mayafi, ta ce wa tsohuwar ya mai jiki, Allah ya sawwaƙe, ta juya. Ko leƙa ɗakin ba ta yi ba. Matan da ke zaune suka yi ta sa mata albarka, wai ga 'yar halak da ta san kunya. Shi kuma yana kwance yana jin su.

Bayan ya fara takawa da sanda na je duba shi. Muna hira ya ce da zarar an gama aikin kaka ta bana zai mayar wa mai keke kekensa ya tafi Fatakwal, wani abokinsa ya samar masa aikin lodi. Na tambaye shi yaushe zai dawo. Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Anti Ramlat, in dawo wurin wa? Inna ta tsufa. In ta tafi, ba ni da mai nemana a garin nan."

Na ce uwarka fa. Ya ce ai ita 'ya'yanta suna sashenta. Wallahi maganar nan ta tsaya mini a rai. Na samu Sa'a na zazzage mata, na ce yaronki zai bar gari yana ganin ba kya ƙaunarsa. Ta ci gaba da murza ƙuli kamar da bango nake, sai da na gama ta ce in miƙo mata matsami.

To, yadda aka yi ta shiga cikin marubuta. Ni malamar firamare ce, kuma ina cikin wata 'yar ƙungiya da muke kira Inuwar Ɗorawa, saboda a gindin ɗorawa aka fara zama kafin a ara mana aji a wata makaranta cikin Minjibir. Asabar ɗin farkon wata muke haɗuwa. Shugabanmu Malam Dabo ne, tsohon malamin gona da ya yi ritaya ya koma rubuta waƙa. Dokokinsa kaɗan ne amma ba ya wasa da su. Kowa da bakinsa zai karanta abin da ya rubuta, a tsaye. In ya gama, sai an fara faɗin abin da ya yi daɗi kafin a taɓo gyara. Wanda kuma ya yi wa wani dariyar raini, ƙofa a buɗe take.

Sa'a ajin yaƙi da jahilci ta yi bayan ta haifi na uku. Tun daga nan ba ta bar ragowar shafukan littattafan 'ya'yanta sun huta ba, labarai take rubutawa a ciki, ta ba ni in duba mata. Na daɗe ina ja tana tirjewa. Takan ce ita wa, a cikin 'yan boko. Sai da na yi barazanar zan ɗauki labarinta in karanta a can in ce nawa ne, sannan ta yarda ta bi ni. Zaharaddini ke kai mu, bisa umarnin kakarsa. Ya sauke mu a bakin makaranta ya tafi neman fasinja, ita da shi ba mai ce wa wani uffan.

Ranar farko tausayi ta ba ni. Ta sha atamfarta ta sallah, ta yi wanka da turare don ta kashe warin mai, sai abin ya haɗu ya zama wani iri. Ta lallaɓa bencin ƙarshe ta takure. Samari da 'yan mata kowa da wayarsa, ana jefa Turanci a tsakiyar magana. Ita kuwa takardarta duk ɗigon mai, har kana hango yatsunta ta baya. Ta yi ta ƙoƙarin rufe ɗigon da tafin hannu. Da aka zo kanta ta ce ita rakiya ta yo. Malam Dabo ya ce ai mai rakiya ma yana da baki, Bismillah.

Labarin akuyarta ta karanta, wadda ta tsinke igiya da damina, lokacin da kowa ya ɗaure dabbobinsa, ta shiga gonar liman ta yi wa wakensa aski. Muryarta can ƙasa, sai ka kasa kunne. Da ta kai inda liman ya biyo akuyar da carbi a hannu yana rasa ko ya yi zagi ko ya yi istigfari, ajin ya kwashe da dariya. Nan take ta yi shiru, ta naɗe takardar, idonta ya ciko. Ta ɗauka ita ake yi wa. Malam Dabo ya ce a hankali, "Malama Sa'adiyya, akuyar muke yi wa dariya, kuma ke kika sa mu. Ba kowa Allah ya ba wannan ba. Ƙarasa mana."

Ba a taɓa ce mata Malama ba sai ranar. A hanyar gida ta ce mini ba za ta sake zuwa ba, an gama kunyata ta. Wata na kamawa ita ta riga ni shiryawa.

Haka aka yi ta tafiya. Daga bencin ƙarshe ta dawo na tsakiya. Ta daina zuba turaren nan mai hawa kai. Ta koyi cewa in an ce labarinta ya yi tsawo a farko, ba zaginta aka yi ba. Har ta kai tana gyara wa wasu. Wani saurayi ya rubuta cewa jarumarsa ta matse mai daga ɗanyar gyaɗa, ta bari aka gama yabonsa bisa doka, sannan ta ce ɗana, sai an soya fa. 'Yan ƙungiya suka koma ce mata Mama Sa'a, kuma ba ta zuwa hannu sake, kullum da ledar ƙuli.

Ana cikin haka, gero ya fara fitar da kai, Malam Dabo ya ba da aiki. Kowa ya rubuto ranar da yake fatan a dawo masa da ita ya sake. Sa'a ba ta ba ni nata na duba ba, abin da ba ta taɓa yi ba. A aji na fara jin sa tare da kowa.

Ranar ɗorin ta rubuta. Ashe da ta bar ƙofar Inna Fadima ba ɗakinta ta wuce ba. Bayan danga ta zagaya, daidai saitin tagar da yake kwance, ta durƙusa a cikin taɓo. Duk jan da mai ɗori ya yi wa ƙafar, duk ƙarar da yaron ya saki, a kunnenta. Ta cusa gefen mayafi a baki ta cije don kada a ji ta, har ya yage. Tana jin matan suna yabonta, tana jin kamar su rufe ta da duka ya fi mata sauƙi. Kuma romon ƙashin da aka yi ta ba shi kullum har ya warke, ita ke dafawa, ta miƙa wa tsohuwar ta saman danga, ta roƙe ta ta ce ita ta yi. A ƙarshe ta rubuta cewa da za a dawo mata da ranar, da ta shiga ɗakin ta ɗora kansa a cinyarta, kowa ya ce abin da zai ce.

Ni da nake ganin na san ta ciki da bai, ashe ban san komai ba.

Aka yi yabo, aka zo gyara. Akwai wata ɗaliba a cikinmu, Muhsina, daga Bacirawa take zuwa, yarinya mai kaifi amma bakinta ya fi tunaninta sauri. Ta ce labarin ya taɓa ta, sai dai abu ɗaya, tun daga farko har ƙarshe yaron nan ake ta cewa. Ta ce, "Mama, mene ne sunansa? Uwar da ke son ɗanta haka, ai ya kamata mu ji ta kira shi."

Ni na ɗauka Muhsina ba ta san kunyar ɗan fari ba ne. Sa'a ta tsaya kamar an watsa mata ruwan zafi. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta fice, ta bar takalminta ɗaya a ƙarƙashin benci. Na ɗauka na bi ta, amma kafin in fita sai da na wanke Muhsina tas, na ce in ba ta san al'ada ba ta tambaya. Malam Dabo ya ce Malama Ramlat, doka. Na ce yau dai dokar ta yi haƙuri.

A gida Sa'a ta yi kukan da ban taɓa ganin ta yi ba. Ta ce ta tona wa kanta asiri a gaban sa'annin 'ya'yan cikinta. Ta ce kunya biyu ke cin ta, ta abin da ta faɗa da ta abin da ta kasa yi, kuma ba ta san wacce ta fi ba. Na ce to bari in je in gaya wa Zaharaddini komai, magana ta ƙare. Ta riƙe zanina ta haɗa ni da Allah kada in faɗa. Na rantse ina cizon yatsa. Zaman wata mai zuwa ba ta je ba, ta ce ta bar rubutu har abada.

Ranar wata Juma'a da la'asar sai ga sallama. Malam Dabo da samari suka tsaya a zaure, matan ƙungiya suka shigo, Muhsina a gaba. Sa'a tana tsakiyar juya ƙulli, zani duk mai, ta rasa inda za ta sa kanta. Ba wanda ya ta da zancen. Suka nannaɗe hannun riga suka zauna murza ƙuli, suna yin wasu kamar igiya wasu kamar tsutsa, ta kasa daurewa ta fara gyara musu. Can Muhsina ta matso ta durƙusa ta ba da haƙuri. Ta ce ita ma 'yar fari ce, kuma har mahaifiyarta ta rasu ba ta taɓa jin sunanta a bakinta ba. Ta ce ba don gyaran labari ta yi tambayar nan ba, so take ta ji ko da uwar wani ce ta kira.

Muhsina ta ce, "Mama, ko ba za ki faɗa ba, ki rubuta. Takarda ba surukarki ba ce."

Suka tafi da alkawarin za ta sake gyara labarin ta kawo. Ta gyara kuwa. A wuri ɗaya tak ta sa sunan, can ƙarshe, inda take cewa da ta shiga ɗakin. Ta nuna mini da yatsa ba tare da ta kalli wurin ba, ta ce in ta zo nan tsallakewa za ta yi.

Asabar ɗin ta zo an riga an yanke gero, ana ɗaurin dami. Satin ƙarshen Zaharaddini ke nan da keke. Da ya sauke mu na ce masa gwiwata na ciwo, kada ya yi nisa, ya jira mu. Rantsuwata tana nan, ban gaya masa komai ba, gwiwar ma da gaske takan taɓa ni jefi-jefi. Ya gangara ya faka a inuwar ajin, ƙarƙashin tagar da ba ta da murfi, ya miƙe ƙafar da ta karye a kan kujera yana latsa waya.

Da aka kira ta ta miƙe, ta buɗe takarda, sai idonta ya faɗa ta tagar. Ta koma ta zauna daɓas. Ta juyo ta yi mini wani kallo da har yau in na tuna sai na ji kunya, ni da ba ni da ita. Malam Dabo ya leƙa, ya gane. Ya ce ba a yi wa kowa dole a nan, in Malama Sa'adiyya na so a ɗaga sai wani watan. Kowa a ajin ya san wani watan yaron ba ya gari. Ba wanda ya matsa mata. Muhsina ce kawai ta taso daga wurinta ta zo ta zauna kusa da ita.

Sa'a ta sake miƙewa.

Ta fara da muryar nan ta ranar akuya, ta can ƙasa. A hankali ta ɗago. Ta karanta taɓon, ta karanta mayafin, ta karanta romon. Ni ba ita nake kallo ba, taga nake kallo. Na ga yatsansa ya tsaya a kan waya. Na ga ya sauke ƙafar. Da ta iso wurin da ta ce za ta tsallake ta tsaya, tsayawa mai tsawo, har na ce shi ke nan. Sai ta rufe ido ta ce, "Da na shiga, da na ɗora kanka a cinyata, na ce sannu, Zaharaddini."

Sunan ya fito mata a karkace, kamar wadda ke ɗaga tulun da ya fi ƙarfinta. Ba a tafa ba, ba a yi gyara ba. Malam Dabo ya cire tabarau yana gogewa, ya ce a yi addu'a a tashi.

A hanya Sa'a ta dunƙule a lungun keke, mayafi har haɓa. Shi kuma yana tuƙi a hankali kamar ya ɗauko ƙwai, yana ta goge fuska da hannun riga wai iska ce. Da muka iso ƙofar gida, ba tare da ya waiwayo ba ya ce dama ya yi mamakin romon nan, domin Inna ba ta taɓa girki gishiri bai yi yawa ba. Sa'a ta diro ta shige gida da sauri har tana tuntuɓe.

Labari ba ya kwana a garinmu. Kafin Litinin an ce Sa'a ta je cikin 'yan boko ta kwance wa kanta zani, ta kira sunan ɗan fari a gaban maza. Tsofaffin da ke misali da ita suka koma taɓe baki. Ta daina leƙa ko zaure, yara ke kai ƙulin kasuwa. Ta ce mini in ta tuna sai ta ji kamar ƙasa ta tsage. Na tambaye ta ko ta yi nadama. Ta ce kunya dai take ji, ba ta ce nadama ba.

Tafiyar ba a fasa ba, ya riga ya yi wa mutane alkawari. Amma ya gaya wa Inna Fadima da azumi zai dawo, kuma ya ce a bar masa gefen gonar babansa na yamma, damina mai zuwa shi zai noma.

Safiyar da zai tafi ina gidan, na je karɓar mai. Ya shigo da jakarsa ya tsuguna a bakin madafa. Bai ce Yaya ba. Ya ce, "Umma, zan tafi."

Ta ba shi baya, tana juya ƙuli a kasko. Na ga kafaɗarta ta motsa. Ta nuna wani ƙunshin ƙuli da ta ajiye a kan turmi, ta ce kai, ɗauki wancan, na hanya ne. Bai motsa ba. Ta sake cewa a ɗauka mana. Ya sunkuyar da kai yana wasa da igiyar jaka, ya ce a hankali, "Da wa ake?"

Na ce a raina yau ga ɗan banza, zai kashe mini 'yar kawu. Ta daɗe a tsaye, matsami a hannu, mai na ta ƙara a kasko. Sannan ta ajiye matsamin, ta ɗauko ƙunshin da kanta, ta zo ta sa masa a hannu. Fuskarta na kallon danga, amma ba ta saki hannun nasa ba.

"Allah ya tsare, Zaharaddini. Ka dawo."

Ƙulin da ke kasko ya ƙone ƙurmus. Ni na kwashe na zuba wa akuyar.